Kocin da bai gama buga nasa wasan ba

Wasiƙar wannan makon daga nan Yamai ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire abin da zai sa a gane mai ita.

"Baba, ina gaishe ka da aiki. Shekaruna 35. Ina ɗan shekara tara na fara tsintar ƙwallo a wani filin tanis da ke unguwar Filato, da wani tsohon raket da aka yar na koyi wasa. Allah Ya ɗaga ni har na buga wa ƙasa, na je gasa Wagadugu, Kwatano, Lome, Abijan da Kano, na gwada ƙananan gasannin kuɗi, sai gwiwa ta tsayar da ni. Shekara huɗu ke nan ina koyarwa. Da can Turawa da manyan ma'aikata ne ke biya na jika biyar a awa, amma tun 2023 da yawansu suka tafi, abin ya ja baya.

"Akwai wani yaro, ɗan mai gadin filinmu, shekarunsa 14. Shekara uku ina horar da shi kyauta, raket da takalmi duk ni na ba shi, don ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Watan jiya ya kai wasan ƙarshe a gasar yara, yana gaba da 5-2 a zagayen ƙarshe, sai ya rikice ya faɗi. Raina ya ɓaci, na karɓe raket ɗin a gaban mutane, na ce masa ba shi da zuciya, ya ɓata mini shekara uku. Kwana bakwai ban kula shi ba. Yanzu ya daina zuwa wurina, na ji yana zuwa wurin wani mushen wasanni na lakwal da ke koyar da yara, mutumin da a zamaninmu 6-0, 6-1 nake ba shi. Uban kuma ya ce karatun BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, shi ne gaba da komai. Maiɗakina ta ce in bar tanis in shiga shagon yayanta a kasuwar Katako. Baba, wannan ba butulci ba ne? In je in tari mushen nan? Ko in haƙura da tanis gaba ɗaya?"

Ɗana, na amsa gaisuwa. Allah Ya ba gwiwa lafiya, Ya raya zuri'a.

Sau biyu na karanta wasiƙarka. Ka tuna 5-2, ka tuna 6-0 da 6-1 na shekarun da suka shuɗe, ka tuna takalmi. Abu ɗaya ne ban gani ba duk tsawonta, har da wuraren da na yanke: yadda yaron ya koma gida ranar nan. Ɗan shekara 14, ya faɗi wasan da ya fi kowane girma a wurinsa, an raba shi da raket a bainar jama'a, kuma dole ya bi ta ƙofar da ubansa ke gadi. Ko ka tsaya ka yi tunanin abin da uban ya ji, shi da yake buɗe maka ƙofa kullum da sassafe yana yi maka sannu da zuwa? Talaka ba ya mayar da magana a inda yake neman abinci. Abin da ya iya shi ya yi, ya ce karatu. Kai kuma ka ɗauka maganar BEPC kaɗai yake yi.

Saboda haka amsar tambayarka ta farko gajeriya ce: babu butulci a nan. Da yaron ya watsar da tanis ɗungurungum, da sai in yi maka jaje. Bai watsar ba. Ya je ya nemi inda zai ci gaba da bugun ƙwallo ba tare da gabansa na faɗuwa ba, wannan kuwa shaida ce cewa son wasan da ka dasa masa ya kama. Korar sa ka yi, ɗana, kuma wanda aka kora ba a ce ya gudu.

Kada ka ce na taka laifina ina hangen naka. Shekara 31 na yi a aji kafin in ajiye alli. A farkon aikina akwai wata yarinya da ta fi kowa lissafi, na sa rai ita za ta fitar da ni kunya gaban sufeto. Ranar da ya zo, ta tsaya gaban allo ta daskare, lissafin da take yi ido rufe ya gagare ta. Bayan tafiyarsa na faɗa mata maganar da har yau ba na son maimaitawa. Ba ta bar lakwal ba, amma ba ta ƙara ɗaga hannu a ajina ba har shekara ta ƙare. Na daɗe kafin in yarda cewa ba makomarta ce ta sa ni fushi ba, yabon sufeto ne ya kuɓuce mini.

To kai fa? Tarihinka abin da ka rubuta kawai na sani, amma ko rantsuwa na yi ba zan yi kaffara ba: akwai wani wasa, a Lome ne ko a Kano, da kake gaba ka zubar, kuma har yau yakan ziyarce ka in ka kwanta. Lokacin da yaron ya fara ɓarar da maki daga 5-2, kanka ka gani a cikin filin. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Gwiwa ce ta kashe maka wasa, da rashin kuɗin jirgi, da rashin wanda zai ɗauki nauyinka. Waɗannan ba ka da yadda za ka yi da su, ɗan mai gadi kuwa ga shi nan kusa da hannu.

Bari in kawo maka labarin da ka fi ni sani, sai dai ina jin ba ta wannan gefen ka taɓa duba shi ba. Ivan Lendl ya ci manyan kofuna takwas, amma wasannin ƙarshe huɗu na farko da ya kai a manyan gasanni duk kashi ya sha, sai a 1984 a Faris ya ci John McEnroe bayan an riga an cinye shi zagaye biyu. Lokacin da Andy Murray ya ɗauke shi koci a farkon 2012, Murray ya riga ya faɗi irin wannan wasa sau uku, a watan Yuli ya ƙara na huɗu a Wimbildon a hannun Roger Federer, har ya zubar da hawaye duniya na kallo. Lendl na zaune a wurin, kuma bai tattara kayansa ba. Mako huɗu bayan haka, a kan wannan ciyawar dai, Murray ya doke Federer ya ɗauki zinaren Olamfik. A watan Satumba ya ci gasar Amurka. Shekara na zagayowa ya ci Wimbildon, abin da Birtaniya ta yi shekara 77 tana jira daga ɗa namiji. Ai ba riƙon raket Lendl ya je koya masa ba, wanda yake na huɗu a duniya ya wuce nan. Abin da Lendl ya zo da shi, ya san ɗacin faɗuwa huɗu a jere, ya san yadda ake tashi washegari a koma fili. Wannan dukiyar kana da ita, ka fi mushen nan ita nesa ba kusa ba. Ita ce gadon da shekarunka na yawon gasa suka bar maka, tunda kofuna ba su taru ba. Ranar da yaron ya fi bukatarta, ranar ka hana shi.

Abin da ka kira rashin zuciya kuma, kai ma ka san ba sunansa ke nan ba. Ɗan wasa in ya hango nasara ta matso, sai hankalinsa ya bar ƙwallon da ke gabansa ya tafi wurin kofi. Hannu ya ƙage, ƙafa ta yi nauyi, ya daina bugun neman ci ya koma bugun tsoron ɓatawa. Ƙwallo ta riƙa sauka gajeriya a tsakiyar fili, sabis, wato bugun buɗe maki, ko na biyu ya riƙa cin raga, abokin karawa kuwa, da yake ba shi da sauran abin asara, sai ya saki jiki ya yi ta ɗirka. Jana Novotna tana gaba da 4-1 a zagayen ƙarshe na wasan ƙarshen Wimbildon a 1993, Steffi Graf ta cinye sauran wasanni biyar a jere. Kocinta Hana Mandlikova, ita ma tsohuwar zakara, ta ci gaba da zama da ita har ta ɗauki kofin a 1998. Shekara biyar ta jira ta. Kai kwana bakwai ka yi kana gaba da yaro.

Kuma ana koyar da maganin abin, kamar yadda ake koyar da bugun bayan hannu. Doka ta ba ɗan wasa daƙiƙa 25 tsakanin maki da maki, da daƙiƙa 90 in za a canza gefe. Me ka koya wa yaron ya yi da su? Ya juya wa raga baya, ya gyara zaren raket, ya ja numfashi, ya yanke inda zai jefa sabis tun kafin ya taka layi? A shekara ukun nan, sau nawa ka sa shi ya fara wasan gwaji daga 5-2, ko daga 30-40, wato saura maki ɗaya a cinye shi, da sabis ɗaya tak, sauran yara na gefe suna ihu, don jikinsa ya saba da zafin wurin? In amsar ita ce ba ka taɓa ba, to darasin da ba ka koyar ba ka yi jarrabawa a kansa, da ɗalibi ya faɗi ka kore shi.

Mu zo kan mushe. Kada ka je ka tare shi. Me za ka ce masa, ya maido maka yaronka? Ai ba akuya ce ta shiga garken wani ba.

Wannan 6-0, 6-1 da kake riƙe da shi kamar takardar gona, ba ya ci a kasuwar da kake yanzu. Jimmy Connors kofi 109 ya ɗauka, amma da Maria Sharapova ta ɗauke shi koci a 2013, wasa ɗaya suka yi tare suka rabu. Darren Cahill na Ostireliya bai taɓa wuce na 22 a duniya ba, ciwon gwiwa irin naka ne ya ajiye shi, amma Lleyton Hewitt da Simona Halep da Jannik Sinner a hannunsa suka hau matsayi na ɗaya, Andre Agassi kuma a hannunsa ya koma can yana da shekara 33. Ba ina nufin gwanin wasa ba ya zama gwanin koyarwa ba, ga Lendl nan, ga Juan Carlos Ferrero da ya ɗauki Carlos Alcaraz tun yana ɗan shekara 15. Abin da nake nufi, sana'a biyu ce, kuma ta farko ba ta haifar ta biyu sai an zauna an koya.

Gwani jikinsa ne ya sani, bakinsa bai sani ba. Kai da ido ka koya, kana durƙushe bakin raga kana jiran ƙwallo, ba wanda ya taɓa rarraba maka bugu gaɓa-gaɓa. Shi ya sa in yaro ya kasa, abin da ke zuwa bakinka shi ne "kalli yadda nake yi". Ka buga, ya kalla, ya sake kasawa, ranka ya ɓaci, don a wurinka abin kamar shan ruwa ne. Wanda hannunsa bai faɗa ba kuwa ya sha wuya a kan kowace gaɓa, ya san duk inda ake tuntuɓe, in kuma an haɗa masa da karatun koyarwa, sai ka ga yara na bin sa kamar mai rabon alewa. Ko a kokowa haka yake. Je ka tambayi tsofaffin Tawa ko na Maraɗi, ba duk wanda ya ɗaga takobin zakara ne ke iya fitar da na bayansa ba, wani ma ko kaye uku bai tara ba a zamaninsa amma shi ke gyara ƴan kokowar jiha. Ɗan hakin da ka raina, ka dai san sauran.

Ga tambaya guda: yaro ɗan shekara bakwai in ya zo wurinka, wace ƙwallo kake jefa masa? Tun 2007 hukumar tanis ta duniya, ITF, ta yaɗa tsarin koyar da masu farawa da ƙwallaye marasa gudu: ja ga ƙanana, wadda gudunta kusan rubu'in na ƙwallon manya ne, sai mai ruwan lemo da ke da rabin gudu, sai koriya da ta kusa kamo ta manya. Daga 2012 ma doka ta hana a yi gasar ƴan shekara goma zuwa ƙasa da ƙwallon manya. Dalilin a fili yake. Ƙwallon manya a kan dandamalin siminti tana tashi ta wuce kan ƙaramin yaro, sai ya koyi riƙo marar kyau don ya kai gare ta, ko ya yi awa guda yana tsinta maimakon bugu, ya gaji ya koma tamaula. Filin jar ƙwallo kuwa a faɗin babban fili ake shata shi, wajen mita 11, don haka fili guda na ɗaukar ƙanana huɗu, yara goma sha shida suna bugu lokaci ɗaya. Ina kyautata zaton irin wannan mushe ke yi. Ka riƙe wannan goma sha shidan, za mu dawo kansa in mun zo maganar maiɗakinka.

Wurin mushe za ka je, amma da littafi da biro. Ka yi masa sallama, ka ce ka zo ganin yadda yake tafiyar da yara, ka zauna gefe ka yi shiru awa guda. Zai yi maka nauyi, na sani, ƴan tsintar ƙwallo ma sai sun yi ƙus-ƙus. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Daga nan ka nufi hukumar tanis ta ƙasa ka sa sunanka a kwas na kociyoyi. Na ITF mataki-mataki ne, daga na masu koyar da sababbin shiga har zuwa na masu horar da manyan ƴan wasa, kuma ta hannun hukumomin ƙasashe ake shirya su. Ka leƙa Kwamitin Olamfik na ƙasa, COSNI, don ta nan tallafin horar da kociyoyi na Kwamitin Olamfik na duniya ke shigowa. Ka yi tambaya a INJS, makarantar horar da malaman wasanni ta ƙasa. Ko a wayarka ma akwai ITF Academy, da darussa cikin Faransanci, da yawansu kyauta. Shekara huɗu kana koyarwa da sunan da ka yi a fili. Suna yana tsufa, yaran da ake haifa yanzu ba su gan ka kana wasa ba.

Akwai kuma wata kalma da ba ka rubuta ba amma tana kwance ƙarƙashin wasiƙar tun daga farko har ƙarshe: "nawa ne". Ba naka ba ne. A 1971 Arthur Ashe ya je Yawunde ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana bugun ƙwallo, ya yi wa wani babban jami'in hukumar tanis ta Faransa magana, aka kai yaron birnin Nis. Yaron nan shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar Faris a 1983, kuma kocin da ke tare da shi a lokacin Patrice Hagelauer ne, ba Ashe ba. Noah shi ma da ya ajiye raket ya jagoranci Faransa ta ci kofin Davis na ƙasashe a 1991 da 1996 da 2017. Har yau in ana labarinsa sai an fara da Ashe, alhali abin da Ashe ya yi shi ne ya gani, ya miƙa. In Allah Ya nufi ɗan mai gadin nan da nisa, dole wata rana ya bar ka, ya bar mushe, ya bar Yamai ma. Kocin da ya fara da yaro, aikinsa ya miƙa shi da lafiyayyen jiki da son wasa. Kai ka kusa miƙa shi da tsoron faɗuwa.

Uban kuma gaskiya gare shi, ko da ɓacin rai ne ya fito da ita. Kai da ka gwada gasannin kuɗi ai ka fi kowa sanin lissafin. Mafi ƙanƙantar gasar ƙwararru ta ITF, duk kuɗin da ake rabawa dalar Amurka dubu 15 ne, wanda ya cinye gasar dukanta abin da zai samu dubu biyu da ƴan kai, wanda aka fitar a zagayen farko kuwa ko kuɗin masauki ba zai mayar ba. Yawancin irin waɗannan gasanni a nahiyarmu a Tunisiya da Masar ake yin su, sai da jirgi. Binciken da ITF ta yi kan kuɗaɗen 2013 ya nuna namiji sai ya kai wajen matsayi na 336 a duniya, mace na 253, kafin abin da suke samu ya biya abin da suke kashewa. A duk duniya fa. Ka duba lambobin Olamfik biyu da Nijar ta taɓa samu: Issaka Dabore a dambe a 1972, Abdul Razak Alfaga a tekwando a 2016. Duk wasanni ne da ba su cin kuɗin da tanis ke ci.

Za ka ce mini ga Frances Tiafoe, wanda ubansa ɗan Saliyo ne mai kula da wata cibiyar tanis a Amurka, har ƴaƴansa kan kwana a wurin, Tiafoe kuma ya doke Rafael Nadal a gasar Amurka ta 2022. Haka ne. Amma cibiyar da ya tashi cikinta akwai kociyoyi da kayan aiki da gasanni kusa da gida. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Nduka Odizor na Najeriya, ɗan tsintar ƙwallo kamarka a Legas, wanda ya kai zagaye na huɗu a Wimbildon a 1983. Ta ƙofar makaranta ya bi, ya yi jami'ar Hustan a Amurka yana buga mata wasa. Jami'o'in can suna ɗaukar nauyin karatun ɗalibi saboda raket ɗinsa, amma sai da takardar gama sakandare da Turanci a baki. Ka ga ke nan BEPC ɗin da kake ganin ya tare wa yaron hanya, a kan hanyar yake. Da ni ne kai, ni zan fara tambayarsa sakamakon aji kafin in tambaye shi sabis.

Saura maiɗakinka. Kada ka ji haushinta, ita ke ganin tukunya. Turawan da suka tafi bayan juyin mulkin Yulin 2023 ba a san ranar dawowarsu ba, kuma sana'ar da ta dogara ga baƙo, ranar da baƙo ya ɗaura kaya ta mutu. Sai dai ban ga dalilin da zai sa ka zaɓi ɗaya ka yar da ɗaya ba. Wa ke buga tanis a Yamai da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, zafi ya haura 40? Filin naka ne daga asuba zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar. Tsakanin nan ka tafi Katako ka zauna shagon surukinka, ka koyi ciniki da gaske, ba zaman jiran lokaci ba. Ka faɗa masa sa'o'inka tun farko don kada zumunci ya ɓaci a kan latti.

Yanzu dawo da goma sha shidan nan. Yara goma sha shida, kowane uba ya ba da dala ɗari a awa, jika takwas ke nan, ya fi biyar ɗin Bature, kuma waɗannan iyayen ƴan ƙasa ne, ba inda za su. Akwai makarantu masu zaman kansu da ke neman abin da za su nuna wa iyaye ranar Laraba da yamma ko Asabar. Jar ƙwallo ba ta bukatar filin tanis, dandamali mai laushin ƙasa ko siminti da igiya da alli sun isa. Amma shugaban makaranta takarda zai tambaye ka, ka ga inda kwas ɗin ya shigo. In ka iya ɗaurin zaren raket, wannan ma kuɗi ne da ba ya taɓa gwiwa. Gwiwar kuma ka kai ta likita a duba ta da kyau, ka daina karawa da alhazai zagaye uku don su yaba maka. Koci daga kwando yake jefa ƙwallo. Ka zauna da maiɗakinka ku yanke wa'adi, shekara guda misali: in ka samu takarda, yara sun taru, ka ci gaba, in ba haka ba, ka koma shago gaba ɗaya, tanis ya zama na Lahadi. In ta ga akwai wa'adi da lissafi, za ta fi yi maka haƙuri.

Duk wannan bayan abu ɗaya ne, kuma ba na so ya wuce wannan makon. Ɗauki raket ɗin nan ka kai. Uban za ka fara gani, kuma ba a bakin ƙofar fili ba inda yake ƙarƙashinka, gidansa za ka je bayan sallar magariba, ka tuɓe takalmi ka zauna a tabarmarsa. Ka ce masa ka yi kuskure, kada ka haɗa da "amma". In ya kira yaron, ka faɗa masa a gaban ubansa cewa maganar da ka yi ba gaskiya ba ce, wanda ba shi da zuciya ba ya kai wasan ƙarshe. Tunda a gaban mutane ka karɓe, in ka samu dama ka maimaita a gaban yaran filin, su ma sun ji ta farko. Sa'an nan ka ba shi labarin wasan nan naka da ka zubar, da maki da komai, da yadda ka kwana ranar. Ina jin bai taɓa jin ka faɗi wasa ba.

Kada ka ce ya dawo. Kada ka aika a faɗa masa, kada ka yi zancen takalmi ko shekara uku. Raket ɗin nasa ne ko wurin mushe zai ci gaba da kai shi. Mai yiwuwa ya dawo bayan wata biyu, mai yiwuwa ya raba, fasaha wurinka sauran wurin mushe, mai yiwuwa kuma sai dai ku riƙa gaisawa. Yarinyar da na ba ka labari, sai bayan shekara ashirin na haɗu da ita a wani asibiti tana sanye da farar riga, ta durƙusa ta gaishe ni, na nemi gafararta a tsaye a baranda mutane na wucewa. Ta ce ta manta. Na ga a idonta ba ta manta ba.

Kafin ka kai raket ɗin ka ɗaura masa sabon zare, ka canza naɗin mariƙin, wata guda ke nan yana ajiye cikin zafin nan. In ka dawo ka rubuto mini abin da uban ya ce.